Ƙyallayen da Auta Ta Kwance

"To in ba a nan ba, a kaina kike so in ɗora su?"

"Ni dai Gwaggo ki taimaka mu kai su lungu. Na yau kaɗai."

"Na yau kaɗai! Ki jira ubanki ya dawo daga wajen aski ki faɗa masa da bakinki. Ni ba ruwana, bayana ma ciwo yake."

Gwaggo ta fyace hanci a gefen mayafinta ta koma kan kujera. Mura ce ta kama ta tun shekaranjiya, muryarta ta dushe, amma bakin yana nan da kaifinsa. Ƙanwar Baba ce, ita ta riƙi Auta tun rasuwar mahaifiyarta, don haka babu wani motsin yarinyar da ba ta iya karantawa.

Auta ta tsaya a tsakar gida tana kallon bokitan da ke jere a gindin katanga, kowanne da ƙyalle ɗaure a mariƙinsa. Yau ne mahaifiyar saurayinta da yayarsa za su zo su ga gidan da ta fito, karo na farko. Kuma abin da zai fara yi musu maraba ke nan: bokitai.

Famfon unguwarsu ya daɗe da zama baƙo. Ran da ya ga dama zai yi tari, ya zubo na ɗan lokaci, ya ɗauke ba sallama. Kowa na kuka da shi, Baba ne kaɗai ya daina kukan ya kafa doka. Tsohon tela ne, ido ya yi rauni ya ajiye keke, sai duk tsanakin da yake yi wa yadi ya dawo da shi kan ruwa. A gidansa ruwa ba ya fita ta rariya sai ya yi aiki biyu. Wanka a tsaye cikin baho ake yi. Alwala a kan roba. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi ba a watsar da shi. Ya ɗauko ragowar ƙyallayensa na ɗinki ya raba wa bokitai: fari na ruwa mai tsabta, kore na ruwan da ba sabulu a ciki, wanda shuka za ta sha, ja kuma na ruwan wanki da ɗauraya, wanda ba shi da sauran aiki sai banɗaki. Ko baƙon kwana ɗaya sai ya haddace wannan kafin ya tafi. Mutanen layi suka daina ce masa Tela, suka koma Mai Bokiti.

Ruwan kore kuwa bayan gida yake tafiya, inda Baba ke da abin da yake kira lambu. Fili ne da bai fi ɗaki biyu ba, tsakanin bangon banɗaki da katangar maƙwabta. Tumatir a buhuna, alayyafo a tsofaffin tayoyi, barkono da na'a-na'a a jarkokin da aka yanke wa kai. A gindin kowace shuka akwai gorar roba a kife, an huda murfinta da allurar ɗinki, tana ɗiga a hankali kamar mai kukan da ba ta so a ji. Ya rufe ƙasar da garin katako da yake roƙowa wajen kafinta, don kada rana ta shanye danshin. A tsakiya akwai bishiyar lemon tsami guda, an binne mata tulu a gindi, yana tsattsafo mata ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Ba a ba da ruwa sai da sassafe ko in rana ta yi sanyi. Wanda ya watsa wa shuka ruwa da tsakar rana, Baba kan ce, rana ya shayar.

A nan ɓarnar ta samo asali. Auta tana aiki a kantin magani, shi kuma saurayin yana da shagon littattafai a tsallaken titi. Ya fara da ba ta aron littafi, ta fara da mayarwa a makare don a sami abin magana. Wata yamma tana zaune a kan bokitin fenti a kife tana cika wa Baba goruna, sai saƙonsa ya shigo: kina ina? Ta rubuta masa cewa tana lambunsu, ƙarƙashin lemo, iska na kawo mata ƙamshin na'a-na'a, tana tunaninsa. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma da ya amsa da cewa shi ma yana fatan wata rana ya zauna kusa da ita a kan wannan ciyawa, ba ta ce masa babu ciyawa ba. Daga nan lambun ya yi ta girma a cikin waya. Ya sami furanni. Ya sami kujerar ƙarfe. Har tsuntsaye ya samu masu zuwa da safe. Shi kuma, da yake mutum ne da bai iya riƙe abin daɗi a cikinsa, ya kwashe duka ya kai wa mahaifiyarsa, Hajiya, wadda ke son shuke-shuke kamar ranta.

Sau ɗaya Auta ta je gidansu gaisuwa. Rijiyar burtsatse gare su. Da rana tsaka ta ga wani ɗan ƙarfe yana juyi yana fesa ruwa a kan ciyawar da ko akuya ba za ta ci ba, ruwan ya cika ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita titi. Rabin zuciyarta ya ce asara, da muryar Baba sak. Ɗaya rabin kuma ya yi fatan a ce a nan aka haife ta.

"Ke nake kallo," in ji Gwaggo. "Idonki ya yi irin na wadda za ta yi aika-aika."

Auta ta juya mata baya. Ta sunkuya ta ɗauki bokitin farko ta nufi lungun da ke kaiwa bayan gida. Ɗaya bayan ɗaya ta kwashe su duka, zufa na bin wuyanta. Da ta jera su a can ta juyo ta duba, sai ta ga daga ƙofar falo ana hango wutsiyoyin ƙyallayen suna lilo, sun koɗe, sun yi datti, kamar kayan mahaukaci. Ta koma ta kwance su duka, ta dunƙule ta cusa a kwandon shara. Ta rufe kowane bokiti da murfinsa. Yanzu wanda ya leƙa zai ce gida ne mai tanadin ruwa, kamar kowane gida. Sannan ta ja ƙofar lambun ta danna mata kwaɗo, ta jefa makullin cikin aljihun jakarta.

Da ta tsaya a nan, da da sauƙi. Amma simintin tsakar gidan ya yi zane-zanen gindin bokitai, da'ira-da'ira, shaidar shekaru. Ta buɗe babban duro, wanda ke riƙe da ruwan shan gidan har famfo ya tuna da su, ta fara kamfata. Ta zuba sabulu ta goge, ta ɗauraye, ta ƙara ɗaurayewa. Ruwa ya bi rariya ya fita waje yana ƙara, ƙarar da gidan ya manta da ita.

Matar maƙwabcinsu, mai sayar da ƙanƙara, ta leƙo ta saman katanga.

"Auta, lafiya dai tsohon? Na ga kogi ya ɓalle daga gidanku, na ce ko rai ya yi halinsa ne ba a faɗa mana ba."

"Baƙi za mu yi."

"Ah to! Lalle manya ne."

Baba ya dawo kansa fes, ƙamshin man aski na tashi. Ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi a hannu, don kada ya ɓata simintin. Ya dubi inda bokitansa suka saba zama. Ya dubi duro, murfinsa a karkace. Ya dubi kwaɗon da ke can ƙarshen lungu. Auta ta ƙura wa tsintsiya ido tana jiran saukar faɗa, ta ma shirya amsarta tun daren jiya.

"Gida ya yi kyau," ya ce.

Ya bi gefe-gefe a kan 'yan yatsu ya shige ɗakinsa. Da ya fito yana sanye da rigar da ya ɗinka wa kansa a ƙarshen aikinsa, wadda ba ya sawa sai da babban dalili.

Sun iso bayan azahar. Saurayin ne ya tuƙo su. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya saci kallon Auta sau ɗaya, sannan ya koma mota ya zauna, kunya ba ta bar shi ya shiga cikin mata ba. Hajiya mace ce mai jiki, mai magana a hankali, turarenta ya riga ta shiga falo. Yayarsa kuwa, wadda kowa ke ce wa Anti, tun kafin ta zauna idonta ya gama zagaye ɗakin.

"Mun sha tambaya fa," Anti ta ce tana dariya. "Muna ta cewa gidan tela, ba wanda ya gane. Sai wani mai gyaran babur ya ce, au, gidan Mai Bokiti kuke nema?"

"Ni ne," in ji Baba daga bakin ƙofa, shi ma da dariya. "Sarauta ce, kuma har yau ba wanda ya fito takara da ni."

Aka yi dariya. Auta ma ta buɗe haƙora, amma kunnuwanta zafi suke yi.

Gaisuwa ta yi tsawo, aka tambayi hanya, aka tambayi jiki, Gwaggo ta ba da tarihin murarta tun daga tushe. Sai Hajiya ta juyo ta dafa gwiwar Auta.

"To 'yata, ina lambun da aka cika mini kunne da shi? Yaron nan ya hana ni sakat. Har almakashi na zo da shi a jaka, in kin yarda in yanki reshen fure in dasa."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Kwaɗon ne ya cije, Hajiya. Tun safe muke fama da shi."

Ba ta ɗaga kai ba, amma ta ji idon Baba a kanta.

"Yakan yi haka," in ji Baba. "Tsohon kwaɗo ne."

Ya ce bari ya ba su wuri, ya fita ya zauna a kan benci a tsakar gida.

Ana kiran la'asar Hajiya ta nemi ruwan alwala. Auta tana kicin tana jera abinci a faranti, hankalinta duk yana kan ko cokulan sun dace da juna. Gwaggo ce ta ɗauki buta. Ta san duro ya yi ƙasa, don haka ta nufi lungu, inda ta san akwai bokitin fari cike. Ta tarar da su a jere, murfi iri ɗaya, ba ƙyalle. Ta buɗe na kusa, ruwa ya kwana ya kwanta, garau kamar na sama. Ta kai hanci, hanci bai ce mata komai ba. Ta cika buta ta kai.

Auta ta fito da faranti daidai lokacin da Hajiya ta tsuguna a bakin rariya, ta wanke hannu, ta kai ruwa baki. Ta ga kumatun matar sun tsaya cak. Ta ga ta furzar, ta sake furzarwa, tana tari. Ƙananan kumfa suka yi layi a kan simintin da aka wanke da safe.

"Mama, mene ne?" Anti ta fito da sauri ta karɓi butar ta shinshina. "Wannan ai sabulun wanki ne! Ruwan me kuka ba ta?"

Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ja na ɗebo? Wayyo ni! Duk sun zama ɗaya, ga hancina a toshe. Kai, wannan ai wanda aka ɗauraye wandunan Yaya ne jiya!"

Da Gwaggo ta iya kama magana ta mayar baki, da ta kama. Hajiya ta rufe ido. Anti ta riƙe butar nesa da jikinta da yatsu biyu. Auta na tsaye da faranti a hannu, ji take ina ma simintin nan ya tsage ta shige ya rufe.

Gwaggo ta juyo kanta da ido jajur. "Ai wannan ja'irar ce ta..."

"Ni ne."

Baba ya miƙe daga benci.

"Hajiya, ki yafe mini. A nan gidan mukan ajiye ruwan wanki don banɗaki, akwai alamar da nake ɗaura wa kowane bokiti. Ni na kwance su da safe, na ce zan sake sababbi, na sha'afa. Ga ido, ga mantuwa. Ba laifin kowa ba ne."

Ya karɓi butar daga hannun Anti. Bai zubar da ruwan a rariya ba, hannunsa bai iya ba. Ya kai lungu ya juye a inda ya fito, kowa na kallo. Ya je wajen duro ya buɗe, ya leƙa, ya karkata shi. Abin da ya zubo ɗan guntu ne, ja, da laka a ciki.

"A bari, Baba," in ji Anti. "Akwai ruwan gora a mota."

"A'a. Ba za a ce ta zo gidana da ruwan alwalarta ba."

Ya sa takalmi ya fita da buta a hannu, cikin rigarsa ta babban dalili.

Auta ta ajiye farantin ta matsa jikin taga, ba don tana so ta gani ba, don ta kasa hana kanta. Ta ga ya ƙwanƙwasa ƙofar mai ƙanƙara. Mutumin da tun tana ƙarama ba ta taɓa ganin ya roƙi ko moɗa ɗaya ba, wanda in famfo ya yi dogon fushi ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa. Muryar matar ta cika layi.

"Kai! Yau wace rana? Mai Bokiti da roƙon ruwa? Ina kogin da na gani da safe?"

"Ya wuce teku," in ji Baba. "Ki taimaka, baƙuwa ce ke jira."

Ta ga saurayin ya fito daga mota da sauri, yana miƙa hannu biyu zai karɓi butar, Baba yana girgiza kai yana murmushi. Fuskar saurayin cike da tambaya. Ya waiwayo ya dubi gidan, Auta ta ja baya daga tagar kamar an watsa mata wuta.

A falo Hajiya ta goge baki da hankici ta yafito ta. Auta ta durƙusa a gabanta, ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, hawaye suka riga maganar fita. Ta yi zaton faɗa, ko shiru mai sanyi, ko a ce a tashi a tafi. Sai ta ji hannu mai laushi ya kama nata.

"Share hawayenki, 'yata. Ke meye naki a ciki? Kin gyara gida, kin yi girki, na gani." Hajiya ta rage murya. "Tsufa ne. Babansu ma haka ya fara, Allah ya jiƙansa. Tara gwangwanaye, tara leda, in ka taɓa ya yi fushi. Muna dariya muna dariya, ashe ciwo ne. Kada ku yi sakaci irin namu. Ku kai shi a duba kansa tun da wuri. Zan sa yaron nan ya yi wa likitan magana."

"Ruwan wanduna a ajiye a bokiti," in ji Anti tana kaɗa kai. "Kina ƙoƙari wallahi. Ni ko kwana ɗaya ba zan iya ba. Ki ƙara haƙuri, saura kaɗan mu ɗauke ki."

"Ke, ya isa," in ji Hajiya. Ta sake matse hannun Auta. "Kin ji ko? Ba abin kunya ba ne a ce uba ya fara ruɗewa. Kuma ba abin da ya canja tsakaninmu."

Ba abin da ya canja. Auta ta ji maganar ta sauka a ƙirjinta da daɗi. Ga ƙofa an buɗe mata, ba wanda zai sake tambayar lambu, ba wanda zai tuna kwaɗo. Abin da ake nema daga gare ta kalma ɗaya ce. Ta dubi zoben da ke yatsan Hajiya, ta tuna kallon da aka yi mata a bakin ƙofa ɗazu.

"To, Hajiya," ta ce.

Tana ɗaga kai ta ga inuwa a jikin labule. Baba ne tsaye da buta cike, yana jiran a gama magana kafin ya yi sallama.

Hajiya ta sake alwala ta yi salla. Abinci kuwa ba wanda ya yi masa cin kirki. Hajiya ta ce cikinta a cike yake, ta buɗe lemon kwalba ta kurɓa. Anti ta ɗaga murfin kwano ta ce, "Wannan dai da wane launi aka dafa?" ta yi dariya ita kaɗai. Gwaggo ta haɗiye abin da ya zo mata baki, har maƙogwaronta ya motsa.

Suna haɗa jakunkuna Baba ya kira Auta daga tsakar gida, a hankali.

"Makullin nan, in yana kusa. Lemo ya nuna. Bai kamata su tafi hannu sake ba."

Ta ɗauko ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba. Ya nufi lungu, ta bi bayansa, ita kanta ba ta san dalili ba. Kwaɗon ya buɗe da murɗa ɗaya.

Tun safe ba wanda ya cika gorunan. Duk sun ƙafe, wasu iska ta kayar. Tumatir ya sunkuyar da kai, ganyen alayyafo ya kwanta a bakin taya kamar tsumma. Lemon ne kaɗai ke tsaye da ƙarfinsa. Baba ya tattara gaban rigarsa ya yi ta tsinka yana zubawa a ciki, yana zaɓen masu santsin fata. Ya ƙara da na'a-na'a, ya juye mata duka a cikin mayafi.

"Kai musu. Ki ce na kasuwa ne in kina so, ba za su gane ba."

Ba ta motsa ba. Ya wuce ta ya dawo lungu, ya tsuguna a gaban bokitan. Ya buɗe na farko, ya tsoma yatsa, ya kai harshe. Ya yi shiru yana saurare, kamar ruwan zai yi magana. Ya tura shi dama. Ya buɗe na biyu, ya tsoma, ya ɗanɗana, fuskarsa ta yamutse, ya tofar a gefe ya tura shi hagu. Gefen rigar yana jan ƙasa.

"Baba, ka bari."

"In ban raba su ba me zan ba tumatir? Sabulu zai kashe shi." Ya buɗe na uku. "Ƙyallayen fa?"

"Suna shara."

"To. Akwai wasu."

"Baba, ka ji abin da suka ce."

"Na ji." Ya goge yatsa a gwiwa. "Matar kirki ce. Wata da tuni ta yi waje tana zage-zage. Kuma ai ba ƙarya ta yi ba, na tsufa. In likita suke so in gani, sai in je ya duba ni, dama idon nan na son dubawa."

"Sun ɗauka kanka ne ya taɓu."

"Sun ɗauka. Ni a gidana zan zauna da kaina, ke ce za ki zauna da su. Ki bar shi a haka, Auta."

Ya faɗa ba fushi, ba gori, kamar yana gaya mata farashin zare. Wannan ne ya ƙarasa ta. Da ya ɗaga murya, da ta sami abin jingina. Ta tsaya rungume da lemo, ƙamshinsa na hawa mata kai, tana ganin yadda abin zai kasance: ranar biki za a ja shi gefe a zaunar, a riƙa yi masa magana da ƙarfi a hankali kamar yaro. In ya faɗi abu a kalli juna. In ta haihu a ce kada a bar jariri wajen kakansa shi kaɗai. Saurayin nan mai taushin zuciya zai riƙa riƙe masa hannu a tsallaka titi, yana tausaya mata. Kuma kullum ita za ta riƙa cewa to.

Gwaggo ta shigo lungun tana jan ƙafa.

"Ke, suna bakin ƙofa, ke suke jira ki raka su. Me kike yi a nan kamar an dasa ki?" Ta dubi fuskar Auta, ta dubi Baba a tsugune, ta gane. Ta damƙi hannun yarinyar. "A'a. Kul! Na san wannan idon. Ɗazu na so in tona ki don raina ya ɓaci, amma yanzu Allah ya rufa asiri. Sun yafe, sun ce ba abin da ya canja. Kada ki je ki kwance abin da ubanki ya ɗaure. Wannan Antin kaɗai ta ishe ki, sai ta yi shekara tana ba da labari."

"Gwaggonki ta yi gaskiya," in ji Baba, bai juyo ba. Ya kai hannu ga murfin bokiti na gaba.

Daga waje aka ji ƙarar buɗe ƙofar mota, da muryar Hajiya tana cewa, "Ina 'yar tawa?"

Auta ta dubi lemon da ke cikin mayafinta. Tana son yaron nan, so irin wanda ke hana ta cin abinci, kuma ta san fuskar da zai yi in ya ga tayoyi da buhuna a inda ta dasa masa furanni. Ta san zai yiwu ya yi dariya. Ta san zai yiwu kuma ya yi shiru, irin shirun da ba a dawowa daga gare shi. Ta sunkuya ta zube lemon a kan murfin bokitin da Baba zai buɗe, ta dafa shi da tafin hannu.

"Baba, kada ka ƙara sa ruwan nan a bakinka. Gwaggo, sakar mini hannu." Muryarta ta fita da ƙarfin da ya sa su biyun suka ɗago. "Ba raka su zan yi ba, dawo da su zan yi, har shi. Su shigo nan su ga komai. Zan faɗa musu ni na kwance ƙyallayen, ni na zubar da ruwan duro, ni na kulle ƙofar nan, kuma kan ubana ƙalau yake. In sun fasa, su fasa."